Telar Sarauniyoyi

Ni nake fara sanin wadda za ta mutu.
Ba na duba, ba na buga ƙasa,
tela ce ni a Asawase,
shagona na jingine da na mai gyaran rediyo.
In yaron darakta ya kawo takardar ɗinkin mako
na ga babu sunan wata a ciki,
sai in ce Allah ya jiƙan sarauniya,
in ci gaba da taka keke.

Su biyu ne a wasan daren Laraba.
Gyamfuwa ta kurmi, mai goro da zinariya,
Lariba ta arewa, mai gishiri da shanu,
da kogi ɗaya a tsakaninsu da kowace ke cewa na kakanta ne.
Lariba ta aika manzo, dogo, mai wushirya,
ya je ya ƙirgo mata bindigogin kurmi.
Ya ƙirga har arba'in,
Gyamfuwa ta ɗago ido daga ƙarƙashin laima,
lissafi ya ɓace masa.
Tun daga ranar matan gidanmu ba sa gama wanke-wanke.

Ni kuwa na san kambin nan gwangwanin madara ne,
ni na yanke shi, ga tabon a yatsana.
Zinariyar wuyanta fenti ne na sidi goma daga Kejetiya.
Amma in Serwa ta sa shi ta miƙe tsaye
ni ma sai in ji gwiwata tana neman ƙasa.

A mako na goma sha biyu sunan Lariba ya faɗi.
Adiza, mai fitowa a Lariba, ta zo gwajin ɗankwali,
ta ga takardar a ƙarƙashin almakashi.
Ba ta ce uffan ba.
Ta tambaye ni wane asibiti aka kwantar
da mahaifiyar Issaka, mai rubuta wasan.
Kwana uku tana kai koko da ƙosai,
tana yi wa tsohuwa fifita, tana tsefe mata kai,
Issaka na bakin ƙofa yana kallo kamar manzon can.

Ran Asabar sabuwar takarda ta iso.
Lariba: zane bakwai, alkyabba, takalmin cin gari.
Gyamfuwa: farin yadi, kamu shida.
Ƙoƙon dafin da aka dama don arewa
ya juya a hannun mai ɗauka.

Da magariba sai ga Serwa, babu kwalliya,
ɗanta a baya, ta sauko daga motar Tafo.
Ta shafa farin yadin, ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
Ta ce kuɗin haya na jiran wata biyu.
Ta ce, Anti Fuseina, ki yi masa kalmasa mai kyau.

To, ni ba sarauniya ba ce.
Amma ba a binne sarauniya a tsumma,
darakta ma ya sani.
Laraba ta zo, na ce an ɗauke wuta.
Ta gaba na ce allura ta karye.
Ta gaba na ce yadin ya sha man ja, a sayo wani.
Mako biyar ke nan Gyamfuwa na riƙe da ƙoƙon,
ta kai baki, a buga tambari,
ta kai baki, manzo ya faɗo da labari.
Gari ya rikice, masu talla sun ƙaru,
Issaka ya daina kallon idona.

Daren jiya a tsakar gida, yara a kan tabarma,
Mma Sala ta dafa ni ta ce,
ke da kike cikinsu, za ta sha ko ba za ta sha ba?
Na nuna mata bakina.
Cike yake da allurai.